Saƙon Likita da Bai Isa Kunnen Inna Ba

Ina kan keken ɗinki bayan la'asar, ina haɗa wuyan wata riga, sai na ga Malama Zuwaira tsaye a bakin shago. Ita ce mai koyar da matan unguwarmu karatu a Ƙofar Wambai, nan cikin Bauchi, kuma katangarta ɗaya da gidan da mahaifiyata take. Ban taɓa ganin ta a layin teloli ba, in tana da ɗinki aikowa take yi. Na tashi na gaishe ta. Ta ce in fito gefe, ba ta so a ji.

"Lawal, amana aka ba ni, ga shi na zo zan ci ta. Allah Ya yafe mini. Innarku ta zo wurina ɗazu da tambaya."

Na ce to, Malama.

"Ta tambaye ni hukuncin macen da ta daɗe da daina al'ada, sai kuma jini ya dawo mata. Ta ce wata ce ta aiko ta. Na ce jinin ciwo ne, ba ya hana salla, ta gaya wa mai aiken ta yi tsarki ta sabunta alwala. Har ta miƙe za ta tafi, sai na ga ta dafa bango. Na riƙe ta na ce, Yaya, tsakaninki da Allah, ke ce? Ta amsa mini. Ita ce. Da fitsari yake fita, kuma ya fi mako. Ba ita aka yi wa aiki a ƙoda kwanan nan ba?"

Na ce ita ce.

"To wannan tambaya ba tawa ba ce, ta likita ce. Ba ta gaya wa kowa ba, ko Rakiya ba ta sani ba. Kada ka ce ni na faɗa."

Ban iya kallon fuskar Malama ba. Kunya ce ta riga tsoro kama ni, saboda na san wannan maganar. Likita ya faɗa mini ita da bakinsa tun ranar da aka sallame ta bayan aikin.

Na canja sunayen da ke cikin wannan rubutu don in rufa wa Inna asiri. Sauran duk yadda ya faru ne.

Ni ne ɗan fari a wurinta. Wanda ya tashi a cikin gari ya san abin da hakan yake nufi. Tun ina jariri kakata ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ina yaro "yaron can" take cewa, da na yi aure na koma unguwar Inkil sai na zama "mutumin Inkil". In na je gaishe ta, a bakin ƙofa nake tsugunawa, ta amsa tana kallon wani wuri. In tana da magana, sai ta faɗa wa ƙanwata Rakiya ina zaune: "Gaya masa an gode da shinkafa." Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin rashin so ba. Haka na taso na tarar, kuma ni ma ina jin daɗin a ce mahaifiyata mai kunya ce.

Ciwon ya fara mata da kumburin ƙafa. Ta ce tsayuwa ce, don ƙuli-ƙuli take yi tun rasuwar mahaifinmu. Sai fuska ma ta fara kumbura da safe. Muka kai ta asibiti, aka auna jini da fitsari, aka ce ƙodojinta na zubar da abin da ya kamata su riƙe, ga kuma hawan jini. An ɗora ta a kan magani na wasu watanni, kumburin ya tafi ya dawo. Daga nan likitan ƙoda ya ce yana so a tsinko ɗan nama daga ƙodar da allura, a duba, don a san ainihin ciwon a daina lalube. Bayofsi ya kira shi. Ya ce akasarin mutane lafiya suke tashi, amma akan sami wanda jijiyar jini za ta ji rauni. Ni na sa hannu.

An yi aikin da safe, ta kwana a asibiti a kwance a miƙe a gadon bayanta, ba ta da wata damuwa. Da za a sallame ta, likita ya kira ni ofis, ni kaɗai, don ni ne namiji kuma ni na sa hannu. Mutane cike a bakin ƙofarsa, yana magana yana rubutu. Ya ce kada ta ɗaga abu mai nauyi har mako biyu. Kada ta sha maganin ciwon jiki na kemis. Sannan ya ɗago ya dube ni ya ce: "In ta ga jini a fitsari, ko ta ji ciwo a kwiɓi, ko jiri, kada ku jira ranar dawowa. Ku zo a ranar."

Na fito da maganar a bakina har bakin mota. Inna na zaune a baya ta ja mayafi. Na buɗe baki na ce, "Allah Ya ƙara sauƙi." Rakiya ta amsa mata da amin.

Ta yaya zan dubi Inna in ambaci fitsarinta? Da na koma gida na gaya wa matata, amma ko ita ban faɗa mata kalmar jini ba, na ce in Inna ta ga wani canji idan ta zaga, a gaya mini. Matata surukarta ce, ita ma ba za ta iya ba, sai ta kira Rakiya a waya ta ce likita ya ce in Inna ta ga wani abu a yi magana. Rakiya ta je ta ce, "Inna, an ce in kin ji wani abu ki faɗa." Inna ta ce, "Me zan ji? Allura ce fa kawai." Saƙon ya ƙare a nan. Maganar ɗaukar nauyi ta isa gare ta, amma ba wanda ya gaya mata dalili. Bayan 'yan kwanaki ta ji ƙarfi, masu saro ƙuli suka fara aike, ta koma kan turmi da matsar mai. Da kwiɓinta ya fara ciwo ta aika kemis aka sayo mata irin maganin da aka hana.

Duk wannan daga baya na haɗa shi. A ranar da Malama ta zo, rufe shago kawai na yi na nufi gida.

Na tarar da Inna a ɗaki, Rakiya na tsakar gida tana tsince gyaɗa. Na tsuguna a bakin ƙofa na gaishe ta. Muryarta ta yi ƙasa. Na ce likita ya aiko a kawo ta a sake dubawa. Ƙarya na yi, don kada in tona Malama.

"Rakiya, gaya wa mutumin Inkil ranarmu ba ta yi ba."

"Yaya, ka ji. Sai mako mai zuwa ai."

Na ce an matso da ranar. Inna ta ce gobe. Na zauna a zaure ina tunanin yadda zan shiga in ce mata na sani, har aka kira magariba, na tashi na tafi. Da safe kafin in iso, fitsari ya ƙi fita gaba ɗaya, mara ta kumbura, tana murƙususu a ƙasa. A lokacin ne Rakiya ta ga jini a zaninta, ta ɗauka a daren ya fara. Har yau haka ta ɗauka.

A Keke Napep muka kai ta. Ɗakin gaggawa cike, babu gado, aka zaunar da ita a keken guragu a baranda. Rakiya ta tafi layin kati. Wata nas ce ta zo wucewa ta dubi idon Inna, ta ja fatar ƙasan idon ta gani, ta ɗaga murya ta kira likita. Sista Rifkatu sunanta, 'yar kudancin jiharmu, Hausarta irin wadda kowa "ka" take ce masa. Ita ta fara ceto mu.

Likitan da ya zo shi ne wanda ya sallame mu. Ya gane ni. Ya ja ni gefe.

"Tun yaushe take ganin jinin?"

Na ce ya fi mako.

"Ba kai na yi wa bayani ba?"

"Ni ne."

"Ka gaya mata?"

Na ce, "An gaya mata."

Ya dube ni kaɗan, ya juya ya koma wurinta. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Makon farko duk na jini ne. Aka sa mata robar fitsari, aka yi ta wanke mafitsara da ruwa ana fitar da gudaji. Jininta ya yi ƙasa ƙwarai, aka ce a kawo masu bayarwa. Na koma layinmu na faɗa, teloli suka rufe shaguna suka biyo ni. Ɗanjuma mai guga yana kwance ana ɗibar nasa yana cewa, "Ku dai gaya wa Inna jinin teloli ne. In ta tashi ta fara cewa 'gobe ki dawo, saura maɓalli', kada a yi mamaki." Rakiya ta kai mata wannan magana, ta ce Inna ta yi dariya a cikin mayafi. Allah Ya saka musu. Ko ruwan lemo wasunsu ba su karɓa ba.

Abin da ya fi damun Inna a ɗakin mata ba ciwon ba ne, jakar fitsarin ce da aka rataye a gefen gado, kowa na gani. Rakiya ta lulluɓe ta da ɗankwali. Sista Rifkatu ta zo ta yaye.

"Wa ya rufe wannan? Mama, ka yi haƙuri, wannan jaka shi ne yana gaya mana gaskiya. Kai ba ka gaya mana." Sai ta juyo kaina ina tsaye daga bakin ƙofa. "Kai, ɗan Mama ne ko baƙo? Zo nan. Duba. Wane kala ka gani?"

Na ce ja.

"Kamar zoɓo, ko? Gobe muna so ya zama kamar shayi. Jibi kamar ruwan kunu da ya kwanta. In ya koma zoɓo, ka zo ka kira ni da gudu, ko ina cin abinci. Kunya ka bar shi a gida."

Inna ta juya fuska bango ta ja mayafi har kai. Ni ma kaina a ƙasa. Amma daga ranar, duk zuwa sai na duba jakar kafin in gaishe ta. Na iya duba jaka, abin da ban iya faɗa da baki ba.

'Yan'uwa suka yi ta zuwa dubiya, kowa da nasa sani. Kawu, ƙanen Inna, ya ce tsargiya ce. "Mu da muka yi wanka a rafi muna yara, wa bai yi fitsarin jini ba? Saiwa muka sha ya wuce. Ku ne dai kuka kai ta aka huda mata ƙoda." Wata gwaggonmu ta kawo jiƙo a gora ta ɓoye a ƙarƙashin gado, Sista ta gano ta zubar. Wasu suka ce zafi ne, a ba ta sanyi. Ba na jin haushinsu, so ne ya kawo su. Sai dai ko ɗaya cikinmu bai zauna ya tambayi Inna abin da take ji ba.

Wajen ƙarshen makon jakar ta koma kamar shayi, sannan ta washe. Muka yi murna. Inna ta ci tuwo, ta fara tambayar wa ke kula da gyaɗarta. Har an fara maganar sallama. Ranar wata Juma'a na dawo daga masallaci, na duba gefen gado, na ga ja wur. Na tafi da gudu kamar yadda aka ce. Sista na cin abinci kuwa, ta ajiye cokali ta biyo ni.

A mako na biyu aka yi mata hoto mai launi. Mun jira kwanaki kafin layi ya zo kanmu, wannan yana cikin abin da nake ƙorafi a kai har yanzu, don ana ta ƙara mata jini yana zuba. Likita ya nuna mini allon. Ya ce a cikin ƙoda akwai jijiyar da ke kawo jini da ƙarfi, akwai wadda ke mayar da shi a hankali, kusa da juna suke. Allurar ta ratsa tsakaninsu ta bar ƙofa. A gefe kuma bangon jijiyar ya yi ƙullutu, kamar tayar keke da ta kumbura a wuri ɗaya, shi ne yake fashewa ya toshe ya sake fashewa. Ya ce irin wannan rauni sau da yawa yakan rufe da kansa in mutum ya kwanta ya huta. Na tuna turmi.

Hanya biyu ya ba mu. Ko a yanka a cire ƙodar, amma ɗayar ma ba lafiyayya ba ce, ba lallai ta iya riƙe ta ita kaɗai ba. Ko a kai ta Kano inda ake da na'ura da masu aikin, a zura siririn bututu ta jijiya har cikin ƙodar a toshe wurin da ke zuba, a bar sauran ƙodar tana aiki. Embolaizeshan ya ce. Na sa ya maimaita har na riƙe kalmar, don in iya faɗa a can.

Kawu ya ƙi. A harabar asibiti ya tsaya yana nuna ni da carbi. "Allura ɗaya ta kawo mu nan, yanzu za ka ɗauke ta zuwa wani gari a ƙara mata wata? Kai ka sa hannu a ta farko, ba ka ji komai ba?" Na ce na ji, Kawu. Ya ce a mayar da ita gida a yi na gida. Muka kwana biyu a kan haka, manya na shawara, ni kuma ina neman abin tafiya. Ba zan lissafa kuɗi a nan ba. Na sayar da keken da nake aikin wuya da shi, mijin Rakiya ya yi nasa ƙoƙarin, matan makarantar Malama suka haɗa abin da suka haɗa.

Wata likita mace ce ta raba gardamar. Ta zo zagaye ta tarar da mu a baranda, ta ce, "Ita mai jikin an tambaye ta?" Muka dubi juna. Ta shiga ta ja kujera ta zauna a gaban Inna, ta yi mata bayani da Hausa tiryan-tiryan, har ta zana mata ƙoda a tafin hannunta da yatsa. Wannan ne karo na farko tun farkon ciwon da wani ya yi wa Inna bayanin jikinta kai tsaye.

Inna ta ce, "Ta ina za a shiga?"

"Ta matsematsi, Mama."

Inna ta dubi Rakiya. Rakiya ta dube ni. Na fita. Da aka kira ni, likitar ta ce Inna ta yarda. Rakiya ta gaya mini daga baya abin da Inna ta ce: "Ashe haka abin yake. Da an gaya mini haka tun farko ai da ban taɓa taɓarya ba." Rakiya ta faɗa mini ne a matsayin labari, ba ta san inda ya same ni ba.

Muka tashi da hantsi a motar asibiti, da ledar jini a rataye. Rakiya na goyo, don haka ta biyo mu a motar haya da yamma, ni da wani ma'aikacin jinya ne a baya tare da Inna. Ban taɓa zama kusa da ita haka ba. Duk ramin da motar ta faɗa sai ta runtse ido. Na riƙe ƙarfen gadon don ya rage girgiza, ban taɓa hannunta ba. Bayan mun wuce Ningi ma'aikacin ya koma gaba wurin direba. Muka yi tafiya mai nisa. Sai na ji ta ce, idonta a rufin mota:

"Ka ci abinci?"

Na waiwaya in ga da wa take. Babu kowa sai ni.

Na ce na ci, Inna.

"Ƙarya kake."

Shi ke nan abin da ta faɗa. A lokacin ya kamata in ce mata likita ya ba ni saƙo ban isar ba. Sai na ce, "Sannu, mun kusa."

A Kano ba su ɓata lokaci ba, Allah Ya saka musu. Washegari aka shiga da ita. Ba a sa ta barci ba, wurin kawai aka kashe. Muna zaune a benci ni da Rakiya tun bayan azahar, kafin la'asar aka fito da ita. Likitan da ya yi aikin ya kira mu ya nuna mana hoto biyu. A na farko jijiyoyin ƙodar kamar rassan bishiya, a ƙarshen reshe ɗaya wani baƙin abu na fita kamar hayaƙi. A na biyu hayaƙin babu. Ya ce ya cusa 'yan wayoyi sirara kamar zaren ɗinki, sun nannaɗe a cikin reshen, jini zai daskare a kansu ya rufe. Aka ce ta kwanta kada ta lanƙwasa ƙafar har dare. Da safe jakar ta washe tas, kuma ba ta sake yin ja ba har ƙarshe. Ina so mai karatu ya riƙe wannan. Aikin ya yi. Jinin ya tsaya.

Rakiya ta yi kuka ta yi sujada a kan simintin baranda. Na kira Kawu na gaya masa, ya ce alhamdulillahi. Na kira Malama, na kira layin teloli.

Amma likitan bai yi murna irin tamu ba. Ya ce ƙodojin dama da ciwonsu, sannan sun daɗe ba sa samun isasshen jini, ga magungunan kemis, ga ruwan da dole a zuba a jijiya kafin a ga hoto, shi ma yana wahalar da ƙoda mai rauni. Ya ce a sa ido a kan yawan fitsarin yanzu. Na koma duba jaka. Ta washe, amma kullum abin da ke ciki raguwa yake. Kumburi ya dawo, ta fara amai, abinci ya ƙi shiga. Kafin mu bar Kano aka yi mata wankin ƙoda na farko, ta wata roba da aka sa mata a wuya.

Muka dawo Bauchi da takarda, aka ci gaba da wankin a nan. Sakamakon naman da aka tsinka ma ya fito a tsakanin, ya nuna ciwon da ake zato, aka ce akwai maganin da da an gwada, amma jikinta ba zai ɗauka ba yanzu. Makonnin da suka biyo baya ba ni da abin faɗa mai yawa a kansu. Layi ne tun asuba, wani lokaci a ce injin ya tsaya a dawo gobe. In an wanke ta kwana ɗaya tana hira, ta yi salla a zaune, kashegari ta kwanta. Ni nake ɗaukarta daga Keke zuwa keken guragu, tun tana cewa a kira Rakiya har ta daina. Ba ta da nauyi. Ba ta sake yi mini magana kai tsaye ba, amma ta daina ja mayafi in na shigo.

Sai zazzaɓi ya shiga ta wurin robar wuyan. Aka kwantar da ita, aka canja robar, aka yi ta allurai. Sista Rifkatu, wadda ba ɗakinta ba ne yanzu, takan leƙo in ta tashi aiki ta ce, "Mama, ka ci wani abu mana, ka ba ni kunya." Inna ta rasu da hantsi wata Laraba, Rakiya na riƙe da kanta, Malama na yi mata kalmar shahada. Ni ina layin kantin magani. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ciwon ya zama kaffara.

Bayan bakwai na koma asibiti na nemi likitan farko. Na jira har ya gama ganin mutane. Na tambaye shi, da mun zo ranar da ta fara ganin jinin fa? Ya ajiye biro ya ce rai na Allah ne, kuma ba zai iya rantsuwa a kan abin da bai faru ba. Na ce na sani, amma ya gaya mini. Ya ce, "Da mun fi samun abin yi." Sai ya ƙara da cewa shi ma ya kamata a ce ita ya kira ofis a ranar, ba ni ba. Na gode masa da wannan magana. Ba ta sauke mini komai ba, amma na gode.

Abin da ya sa na rubuta ke nan. In an yi wa naka irin wannan aiki, ka roƙi likita ya yi wa mai jikin bayani da kansa, kana tsaye ko ka fita. In kai aka ba saƙon, ka faɗe shi da kalmomin da aka ba ka. Jini ne, ka ce jini. In bakinka ba zai iya ba, ka kawo wanda zai iya, ka tsaya a bayan ƙofa ka ji an faɗa. Raunin jijiya bayan wannan allura yana faruwa ga wasu, kuma yana da magani, na ga an yi shi da idona. Mu lokaci muka rasa.

A zaman makoki magana ɗaya aka yi ta maimaitawa, cewa allurar likita ce ta kashe ta. Kawu ya faɗa, mata suka ɗauka. Malama Zuwaira na jin su ba ta gyara musu ba, ni ma haka.

Likita ya ce a duba mu 'ya'yanta, don wani ciwon ƙoda yakan bi jini. Nawa ya fito lafiya. Na Rakiya ya nuna irin abin da na Inna ya fara nunawa. An ɗora ta a kan magani, bai ja baya ba, ƙafarta ta fara kumbura da yamma. Yanzu sun ce ita ma suna so su tsinko naman su duba. Ta ce ko za ta mutu ba za a soka mata allurar da ta kashe Inna ba. Mijinta ya lallashe ta, likitar nan mace ta zauna da ita, ta ƙi. Hujjarta ɗaya ce: Inna ta bi duk abin da aka ce, kuma ranar da jini ya fito a ranar muka kai ta, me ya hana?

Ni ne zan iya amsa mata. Amma dole sai na gaya mata cewa Inna ta yi fiye da mako tana ɓoyewa, wanda amanar Malama ce. Dole kuma sai na gaya mata ainihin abin da likita ya ce mini a ofis, da abin da ya rage a cikinsa lokacin da ya iso bakinta. Na nemi izinin Malama, ta ce in faɗa, rai ya fi.

Na je gidan Rakiya da niyyar haka. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta zauna tana matsa ƙafarta. Na tambaye ta jiki, ta ce da sauƙi. Na tambayi yara. Mijinta ya shigo muka yi hirar kasuwa, aka kira salla, na tashi. Na sake komawa, haka aka yi.

Ranar da asibiti suka ba ta ta wuce, ba ta je ba. Sun sake ba ta wata bayan Salla. Har yanzu ban faɗa mata ba.